Ranar da Ban Je Ɗauko Auta Ba

Asabar, 6 ga Afrilu

Sati uku ke nan da ƙaurowarmu wannan gari. Na gama jera kaya, saura kwali biyu na Baban Auta. Ya ce kada in taɓa, shi ma bai taɓa ba. Gidan ba laifi: ɗaki biyu, falo, da wani siririn lungu marar taga tsakanin ɗakunan da banɗaki. Aikinsa na nan shi ne gyaran wayoyin lantarki. Na tambaye shi me ya sa suke neman ma'aikata da yawa haka. Ya ce, "Bari damina ta kama, za ki gani." Yana dariya ya faɗa. Ni ma na samu wuri a ɗakin kati na wani ƙaramin asibiti. Litinin zan fara.

Alhamis, 11 ga Afrilu

Na gani.

Ƙarfe huɗu da rabi sama ta yi baƙi ƙirin. A inda muka taso, ruwa yakan yi sallama, mutum ya kwashe shanya a tsanake. Wannan ba sallama. Ina tsaye a tagar falo na ga rufin shagon mai gyaran keke ya ɗaga gaba ɗaya kamar murfin tukunya, ya bi iska. Ba wanda ya ji ciwo. Minti ashirin da biyar duka-duka. 'Yata Auta ta riƙe zanena, ni na riƙe ƙofa, ban san amfanin riƙon ba.

Da aka ɗauke, tsohuwar gidan da ke kusa da namu ta fito da tsintsiya. Kowa Kaka yake ce mata. Ta dube ni ta ce, "'Yata, wannan ai leƙowa ya yi, bai zauna ba tukuna."

Lahadi, 14 ga Afrilu

Na yi tsari. Idan ba tsari, ba na iya cin abinci.

Lungun nan shi ne maɓoyarmu. Na ajiye tocila, ruwa jarka ɗaya, tsohuwar katifa, da takardunmu a leda biyu. Na koya wa Auta: da ta ga hadari, takalmi, lungu, katifa a ka. Mun gwada sau uku, na ƙarshe cikin daƙiƙa arba'in. Na ce mata, "A duk garin nan, nan ne kawai ba abin da zai same ki." Ta gyaɗa kai da ƙarfi. Shekararta takwas, kome na faɗa ɗauka take kamar karatu.

Babanta ya dawo ya same mu ƙarƙashin katifa. "Salamu alaikum, mutanen rami. Akwai wurin baƙo?" Ya cusa kai, ƙafafunsa a waje. Auta ta yi dariya har da tari. Ni ban yi ba. Wataƙila da na yi.

Laraba, 24 ga Afrilu

Hadari ƙarfe ɗaya. Na nemi izini na je na ɗauko ta daga makaranta. Ba a yi ruwan ba.

Juma'a, 26 ga Afrilu

Na sake ɗauko ta. An yi yayyafi.

Talata, 7 ga Mayu

Karo na biyar. Shugabar ɗakinmu, wadda muke kira Yaya, ta cire gilashinta ta ce, "Ƙanwata, katin nan ba ƙafa gare shi ba, ba zai jera kansa ba. Idan kowane gajimare zai fitar da ke, gara mu rubuta wa sama takarda ta riƙa jiran ƙarfe uku." Ba da faɗa ta faɗa ba, shi ya fi ciwo.

Ina son aikin nan. Kowane kati da lambarsa, kowace lamba da gurbinta. Abin da ka ajiye da safe, nan za ka same shi da yamma.

Malamar ajin Auta ta tare ni a bakin ƙofar makaranta. Wai yarinyar ta roƙa a mayar da ita kusa da taga, kuma tun daga ranar ba ta kallon allo. Na duba littafinta na lissafi: shafi huɗu ba kome sai kwanan wata. A kusurwar ɗaya ta rubuta ƙanana, "gajimare 3, baƙi 1". Hannunta ne, amma ni ce.

Laraba, 8 ga Mayu

Anya ba ni ce marar lafiyar ba? Mutanen garin nan suna cin kasuwarsu, suna aurar da 'ya'yansu. Ko su ne ba su da hankali, ko ni. Kuma Baban Auta, duk bayan iska sai ya hau turken wuta. Ba na ma rubuta wannan.

Litinin, 13 ga Mayu

Zan rubuta bi da bi.

Hadari ya haɗu ɗaya da rabi. Layi ya cika, Yaya ta tafi taro, ni kaɗai a taga. Na ce bari in sallami mutum biyar. Kafin na uku iska ta taso. Na rufe tagar na fita da gudu. A makaranta an tara yara duka a dogon zauren da ke hawa na ƙasa, malama tana ƙirga kai. Ta ƙirga sau biyu. Auta ba ta ciki.

Ban san yadda na bi titin ba. Na tuna reshe ya faɗo gabana, na tuna takalmina ɗaya ya tafi. Sai na ji ana ƙwala kira, "Maman yarinya! Nan!" Wani tela ne a kwanar layinmu, ban taɓa gaishe shi ba. Ya ga ta wuce da gudu da jaka a ka, ya fita ya sungumo ta. Tana zaune ƙarƙashin teburin yanka, ya lulluɓe ta da wani yadi mai furanni. Ya ce ta yi ta dukansa, wai ya sake ta, sai ta kai lungu.

Da ta gan ni ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, "Mama, na yi sauri, amma takalmina ya ɓata min lokaci."

Ta bar gini mai siminti sama da ƙasa, ta fito cikin kwanon rufi mai yawo, don ta je inda na ce.

Talata, 14 ga Mayu

Ban je aiki ba. Babanta ya haɗa min shayi kawai, ya cika sukari kamar kullum. Da ya yi faɗa da na samu abin riƙewa.

Kaka ta shigo da yamma, ta zauna a bakin katifar lungu ba tare da an ce ta zauna ba. Ta ce rufinta ya taɓa tafiya sau biyu. Na ce to yaya aka yi ta daina jin tsoro? Ta ce, "Wa ya ce miki na daina? Sai dai ni inda ya same ni nan nake zama. Masu gudu su ake kai muku asibiti, ke da kike jera katinsu ba ki lura ba?"

Ban lura ba. Lamba nake dubawa.

Alhamis, 16 ga Mayu

Na roƙi malama ta nuna mana zauren, ni da Auta. Na ƙwanƙwasa bangon da hannuna, na sa ita ma ta ƙwanƙwasa. Na auna kaurinsa da taƙin hannu: biyu da ɗan ƙari. Na lungunmu ɗaya ne. A gaban malama na ce wa Auta, "Na yi kuskure. Nan ya fi gidanmu ƙarfi. Idan hadari ya zo, ke nan, ni can, sai an ɗauke mu haɗu."

Auta ta ce, "To ke wa zai riƙe ki?"

Na ce Yaya. Malama ta juya baya tana gyara wani abu a allon sanarwa da ba ya bukatar gyara.

Na kai wa tela ɗinkin da ba na bukata.

Laraba, 29 ga Mayu

Ruwan ya zo. Biyu saura kwata, har da ƙanƙara. Ya fi na farkon.

Na tashi, na ɗauki jaka, na kai bakin ƙofa. Yaya ba ta ɗago ba, ta ce, "Ƙanwata, miƙo min dubu huɗu da goma sha bakwai." Na miƙa. Ta nemi wani. Haka ta yi ta kiran lamba ina zarowa, wuta ta ɗauke muka ci gaba da fitilar waya. Daga baya na ga katunan a tare a gefen teburinta, ko ɗaya ba a buɗe ba. Har da na wani da ya ƙaura tun bara.

Uku da kwata na isa makaranta. Auta ta fito da labari cike da baki: wata ta zauna mata a kan jaka, ayabarta ta dame da littafin zane, malama ta sa su waƙa, wani ya yi barci a tsaye. Sai da muka wuce shagon tela ta ce, "Mama, kin ji tsoro?"

"Na ji."

"Ni ma kaɗan. Sau ɗaya kawai na duba ƙofa."

Ban faɗa mata sau nawa ni na duba ba.

Litinin, 10 ga Yuni

Shinkafa ta kusa ƙarewa. A tuna wa Baban Auta kwalayensa.

Auta ta zo da takarda daga makaranta: ranar Alhamis za a kai ajinsu wata gonar shanu a bayan gari, a mota, su wuni. Ana son sa hannun iyaye. Na kira malama na tambayi irin ginin da ke gonar, ta ce akwai rumbun ajiya na bulo. Na tambayi kaurin bangon, ta yi dariya ta ce ba ta auna ba. Rediyo ya ce mai yiwuwa a yi ruwa ranar, mai yiwuwa kuma ba za a yi ba, wanda ni ma zan iya faɗa.

Ba wai na daina jin tsoro ba ne. Babanta ya ce in kawo ya sa hannu, na ce a'a, rubutunsa ba ya karantuwa.

Ni na sa. Nawa ma ya ɗan karkace, amma ana gane sunana.