Shekara Shidan da Ka Rage Mini

Zuwa ga Yayana, marigayi Malam Sule,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da addu'ar Allah Ya haskaka makwancinka, ƙaninka ne injiniyan ruwa, wanda ka samar wa aiki. Na san wasu za su leƙa wasiƙar nan, shi ya sa ba zan sa sunana ba.

Ka tuna ranar da ka goya ni a babur zuwa kotu a Kankiya? Ina da shekara talatin da uku, an ce ba a ɗaukar wanda ya haura talatin. Ka sa na yi rantsuwa cewa ashirin da bakwai gare ni. Da muka fito jikina a sanyaye, ka dafa kafaɗata ka ce, "Kai dai yi shiru, takarda ba ta yin hurhura."

Gaskiyarka, Yaya, takarda har yau yarinya ce. Ni ne na tsufa na bar ta. A ofis hamsin da bakwai nake, saura shekara uku in yi ritaya. Gwiwoyina kuwa sun san sittin da ukunsu. Habu ɗan Kawu, wanda na yi wa goyo, shi ne yanzu yayana a fayil. Bara ya yi ritaya, yana zaune gindin darbejiya yana ba ni shawarar in riƙa girmama manya.

Kwanan baya ogana ya tara mu, ya tambayi tsofaffin ma'aikata wa yake jin zai iya aikin fita ƙauyuka har ƙarshe. Ni na fara ɗaga hannu, har da bugun ƙirji. Aka tafa mini. Wallahi tsoro ne ya ɗaga hannun nan, don wanda ya ce ya gaza likita ake tura shi, daga nan a fara tone-tonen fayil, fansho ya bi ruwa.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. An kafa tankin ruwa a wata ruga bayan Mawashi, bisa dogayen ƙafafun ƙarfe. Aikina ne in hau in duba walda da notuna kafin in sa hannu. Kai ka san ni, da ko tsani ba na jira. Ran nan a matakala ta bakwai jiri ya ɗebe ni. Na rungume ƙarfe har ya lafa, na sauko a hankali. Mutane suna can wajen famfo, ba wanda ya lura. Na ce komai daidai, na sa hannu.

Wata dattijuwa ta kawo mini ƙwaryar nono tana ta sa albarka. Na sha, Yaya, na shanye tas. Kunyar wannan ƙwarya ta fi komai ci mini rai.

Yau kwana tara. Kullum da safe mata da yara suna tsayawa ƙarƙashin tankin nan da jarkokinsu, ni kuwa ban san abin da ke riƙe da shi ba. In na faɗa wa oga, asirina ya tonu. In na tura wani, zai tambaya me wanda ya sa hannu ya duba. In na yi shiru, ga damina tafe da iskarta.

Ba na ganin laifinka. Da shekarun nan shida na ci abinci, na aurar da 'ya'ya, har naka biyu. Ina dai kewarka, don kai kaɗai ne za ka ji wannan ka yi mini faɗa sannan ka raka ni.

Gobe bayan sallar asuba zan ɗauki sifanar ɗaure notuna in koma rugar, in hau har sama ko da rarrafe. In na sauko lafiya, saura shekara uku. In ban sauko ba, ka tarbe ni, mu je inda ba a rage wa kowa ko kwana ɗaya.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe mana rantsuwar nan ni da kai, Ya riƙe tankin nan har gari ya waye.

Ƙaninka,
wanda ka san shekarunsa na gaskiya.