Naman Kazan Mutanen Sin

Ain Khaled, Doha

Ƙanena Malam Hudu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau. Yaya gida, yaya yara, yaya ƙafar Hajara? Allah ya ƙara sauƙi.

Tarin da korona ta bar mini har yau bai sake ni ba. Ɗanka Sani ya je unguwar Al-Sadd ya sayo wani busasshen naman kaza na mutanen Sin, ja, mai tauri kamar ƙwarya, wai a dafa mini in sha. Na ce, "A jikin wace bishiya ya tsiro?" Ya ce, "Baba, kai dai ka sha, halas." Ka ji fa. Mu da Inna ta hore mu kada mu kai maganin da ba mu san bishiyarsa ba bakinmu, yau yaron da na goya zai ɗura mini abin kwali.

Yanzu ya rantse ba zan hau jirgin gida ba sai tarin ya tafi. Ni kuwa ba zan sha ba. Ka sassaƙo mini marken bayan masallacinmu, ka ba maƙwabcinmu Ɗanjuma ya kawo mini, tunda zai zo nan Doha kallon ƙwallo.

Ku sa ni a addu'a, in yi azumin bana a cikinku. Ka gaishe da kowa da kowa.

Yayanka,
Mamman