Gilashin da Derrick Ya Gwada wa Mama

Zuwa ga Yayata Serah,

Ina gaishe ki da kyakkyawar gaisuwa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Baban Emilia da yara, ya kuma kiyaye fitarku da shigarku a can Fatakwal. Mu nan Kafanchan sai godiya. Damina ta yi albarka, mun koma makaranta, 'yan ajina sun ƙaru har benci bai isa ba. Ƙafar Kawu Ezekiyel ta yi sauƙi, yana takawa zuwa coci da sanda. 'Yarsa Selina kuma ta sauka lafiya, an sami mace.

Kada ki yi mamaki da na rubuto maimakon in kira ki. Na ɗauki waya ya fi a ƙirga, amma da na fara shirya maganar a raina sai in ji haushi ya taso mini, kuma ba na so in yi miki ihu a kunne a kan laifin da ba naki ba. Shi ya sa na zauna na rubuta, zan ba Ishmael direba ya kawo miki. Maganar gilashin Mama ce, wanda kika aiko wa autanmu Derrick kuɗinsa, kika ce ya kai ta asibitin ido a auna ta a yi mata mai kyau.

Kin san abin da karatu yake a wurin Mama. Da furfurarta ta shiga ajin manya na coci a Manchok, tana haɗa baƙi da baƙi muna yi mata dariya, har ta kai ita ce mai karanta Maganar Allah a Zumuntar Mata. Tun rasuwar Baba ba ta da wani abin da take tashi da wuri dominsa sai wannan. Da idon ya fara yi mata hazo, ba ciwon ne ya dame ta ba, tsoronta kada a ce ta sauka a ba wata.

To, Derrick ya zo mata da gilashi mai ruwan zinariya, a cikin 'yar jaka mai laushi, sai ƙyalli yake yi. Mama ta sa shi ta zagaya maƙwabta tana nunawa, tana cewa autanta ne ya kawo. Ni ma da na je Manchok na yaba, don ban san komai ba. Na lura dai tana dafa bango in za ta sauka daga baranda, tana yawan matse goshi. Na tambaye ta, ta ce Derrick ya gaya mata haka sabon gilashi yake, sai ido ya saba da shi.

Ranar Lahadin Zumunta, coci ta cika har waje, mata duk cikin anko. Aka kira Mama. Ta tashi da littafinta, ta ɗaga ƙafa inda babu matakala, ta yi tuntuɓe a inda take, sai da Milka sakatariyar Zumunta ta riƙe ta. Ta isa gaba, ta buɗe littafi, ta kawo shi kusa, ta kai shi nesa, ta karanta layi ɗaya sau biyu, ta tsallake na gaba, sannan ta yi shiru. Yaya, ban taɓa jin coci ta yi tsit irin na ranar ba. Daga baya Milka ta matso ta karɓi littafin a hankali ta ƙarasa. Mama ta dawo wurin zamanta ba ta ɗaga kai ba har aka tashi. Da muka koma gida ta naɗe littafin a ɗankwali ta ce in kai wa Milka, wai tunda har gilashin likita ya kasa, Ubangiji ne ya ce lokacinta ya wuce.

Kalmar nan ta gilashin likita ita ta tsaya mini a rai. Na tambaye ta wane likita ne ya duba ta, ta ce ai ba ta je ko'ina ba, Derrick ya ce ba sai ta sha wahalar mota ba. Washegari na same shi yana wanke babur, na sa shi a gaba. Ya yi ta kwana-kwana, daga ƙarshe ya faɗa. Ranar da ya kai citta kasuwar Kachia ne ya ga wani mai faifan gilasai a bakin tasha, kusa da mai sayar da maganin ɓera. Ya tsaya ya gwada su ɗaya bayan ɗaya a idonsa. A idonsa shi, Yaya. Da na ce masa me ya haɗa idonsa da na Mama, sai ya dube ni kamar ni ce marar hankali, ya ce ai kowa a Manchok ya san idon Mama ya ɗauko tun yana jariri. Ya ce in za mu saya mata takalmi ba tsinken tsintsiya muke karyawa daidai ƙafarta mu tafi da shi kasuwa ba? To shi idonsa ne tsinken. Kuma wai ya yi la'akari da shekarunta, shi ya sa bai ɗauki wanda ya yi masa daidai ba, ya zaɓi wanda ya fi sa shi jiri, don shi ne mai ƙarfi.

Ki duba fa, Yaya. Mutumin da ya gama sakandare, mai mata da 'ya'ya biyu. Ban tambaye shi sauran kuɗin ba, don sababbin tayoyin babur ɗin suna gabana yana zuba musu ruwa. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ko a jikinsa. Har yana ƙara mini da cewa gilashi gilashi ne, masu asibiti tsadar fanka da farin kaya kawai suke sa wa mutane. An ce araha ba ta ado, amma wannan ta wuce rashin ado, ta tsayar da uwarmu a gaban ikilisiya kamar wadda ba ta taɓa ganin baƙi ba.

Ban kai wa Milka littafin ba. Kwasar adashena ta zo a satin, sai na ɗauko Mama na kawo ta asibitin ido a nan Kafanchan. Kada ki aiko mini da komai a kan wannan, uwata ce ni ma. Likitar, wata yarinya mai haƙuri, ta zaunar da ita ta yi ta sauya mata gilasai a wani ƙarfe mai nauyi, tana rufe ido ɗaya tana buɗe ɗaya. Ta ce idon hagu da na dama ba ƙarfinsu ɗaya ba, kowanne da nasa awon, kuma na kasuwar nan bai dace da ko ɗaya ba, shi ne ke juya mata ƙasa. Da aka dace da awon, Mama ta karanta har ƙananan baƙaƙen da ke can ƙasa. Sannan ta juyo ta ƙura mini ido, ta ce ashe Roseline ta yi furfura ba wanda ya gaya mata. Na yi dariya, hawaye na zuba.

Da aka zo zaɓen ƙarfen da za a sa gilashin a ciki, Mama ta ƙi duk waɗanda aka nuna mata. Ta ciro na Derrick daga jaka, ta ce a cire na ciki a sa sabon a nan. Likitar ta ce ƙarfen ba shi da ƙwari, ruwan zinariyar ma zai kwaile. Mama ta ce ta ji, amma haka take so. A mota na yi ta faɗa, ta bar ni na gama, sannan ta ce duk Manchok ta nuna wa gilashin nan da sunan autanta, in aka ga ta sauya za a tambayi dalili, kuma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ta kuma hana ni gaya miki. Ki yafe mini, ita ma ta yafe mini, amma guminki ne, ya kamata ki sani.

Lahadin da ta wuce Milka da kanta ta kira sunanta. Mama ta hau matakala ba mai riƙe ta, ta karanta sura guda ba ta yi gargada ba, mata suka yi guɗa. Wurinta ya dawo, na gode wa Ubangiji da dukan zuciyata. Da aka tashi, mata suka kewaye Derrick a ƙofar coci suna sa masa albarka, suna cewa ashe gaskiyarsa, ido ne bai saba ba. Ina tsaye a gefensa. Ya gyara wuyan riga, ya ce musu ai kayan ido ba a yi masa gaggawa, kuma uwa ba a saya mata abin araha. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na dubi Mama, ita ma tana dubana ta cikin gilashin, kuma yanzu tana ganin fuskata sarai. Ta girgiza mini kai kaɗan, sai na haɗiye maganata.

Na san zai kira ki ya ba ki labarin yadda aikinsa ya yi kyau. Ki amsa masa yadda Allah ya ba ki iko, amma kada Mama ta ji cewa na rubuto.

Ki gaishe mini da Baban Emilia, da Emilia, da ƙaramin Luke, ki ce masa ina nan da alkawarin gyaɗarsa. Kawu Ezekiyel da Selina da maigidana Samson duk suna gaisuwa. Alherin Ubangiji ya kasance tare da gidanku.

Ni ce ƙanwarki da ke kewarki,
Roseline