Ƙasar da Ke Motsi Ranar Asabar

Auta,

Kafin gaisuwa ga gargaɗi. Duk wanda ya zo miki da magiya a kan rijiyar maƙwabcinmu, kada ki saurare shi, kada kuma ki rage ko milimita ɗaya daga abin da na'urarki ta auna. Bayan haka, assalamu alaikum. Muna lafiya. Ina fata kina cin abinci a kan lokaci, ba sai kanki ya fara ciwo ba.

Sandar ƙarfen nan da kika kafa a tsakar gida, mai kai kamar kwano a kife, kin ce tana sauraren taurarin ɗan'adam tana faɗin daidai inda take tsaye. Tun da kika rubuto cewa ta nuna ƙasar gidanmu ta gusa santimita biyu cikin wata biyar, kuma wajen gabas inda burtsatsen maƙwabci yake, hankalina bai kwanta ba. Kin ce in bar maganar tukuna. Ban bari ba. Kin san ni, ba na ganin ɓarna in yi shiru.

A taron masu gidajen layinmu na miƙe na faɗa. Na ce daga safe har yamma maƙwabcin nan yana cika tankoki, yana zuƙe ruwan da ke riƙe da gidajenmu. Ya ce yana da takardar izini, kuma tsagewar bangona ta girmi rijiyarsa. Na ce masa takarda ba ta tare gini, kuma mai tsoron Allah ba ya ƙwaƙule ƙasa a ƙarƙashin maƙwabcinsa. An yanke ya sa kwaɗo har rahotonki ya fito. Yanzu daga famfon bakin titi ake ɗebo ruwa. Wasu na gunaguni, su yi ta yi.

Na'urarki na nan lafiya. Jikokina sun san ko inuwarta ba a takawa.

Allah ya yi miki albarka.
Mahaifiyarki

*

Mama,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki da girmamawa, ina gaida Yaya da yaranta.

Mama, da ma ba ki kai maganar taro ba, don ban gama tantancewa ba. Jiya Farfesa ya baza awon a allo, kwana bayan kwana. Sai ga shi ƙasar ba kullum take motsi ba. Ranar Asabar da hantsi take karkata gabas, da yamma ta ɗan dawo, amma ba duka ba. Sauran kwana shida shiru. A gaban kowa ya tambaye ni ko ƙasar gidanmu ma'aikaciyar ƙarshen mako ce. Aka yi dariya, ni ma na yi ta dole.

Na ce wataƙila ranar ce aka fi jan ruwa. Ya nuna mini Asabar biyu da suka wuce, bayan an rufe rijiyar, motsin yana nan yadda yake.

Saura mako uku in kare binciken. Don Allah Mama, me ake yi a tsakar gida ranar Asabar? Ba zargin kowa nake ba.

'Yarki,
Auta

*

Auta,

Assalamu alaikum. Wasiƙarki ta kwana tara a ƙarƙashin tabarmar sallata. Ba rashin lokaci ya hana ni amsawa ba.

Ranar Asabar wanki nake yi. Kin sani, da shi kika tashi.

Bayan tafiyarki da mako biyu ƙusar igiyar shanya ta fita daga bango, ta tafi da ɓallin siminti. Na duba tsakar gida, babu abin da ya kai sandarki ƙarfi. Na ɗaura bakin igiyar a wuyanta, ƙasa da kwanon kaɗan, ɗaya bakin a ƙarfen tagar ɗakin gabas. A kanta nake shanya barguna, da zannuwan gado, da labulen falo idan ya yi datti, dukansu sharkaf. In igiyar ta saki sai in ƙara ɗaurewa tamau. Har yaba ta na yi a raina, na ce yarinyar nan ta kawo abu mai amfani gidan nan.

Ba zan ce ban ji ki ba. Kin tsaya a bakin ƙofa da jaka a kafaɗa kin ce kada kowa ya taɓa. Ni na maimaita wa kowa. Ni na mari hannun 'yar Yayarki don ta jingina tsintsiya. Amma a raina dokar ta yara ce da baƙi. Ban taɓa sa kaina cikin "kowa" ba, tunda gidan nawa ne.

Akwai wanda ya fi wannan muni, gara ki ji daga bakina. Ranar da na karanta wasiƙarki na fita na kwance igiyar, na naɗe ta na cusa a bayan buhun gawayi. Na yi niyyar in rubuto miki cewa ba a yin komai ranar Asabar. Har na fara rubutawa. Ni da na yi shekara talatin ina gaya muku cewa ƙarya ba ta da ƙarama.

Abin da ya hana ni, shekaranjiya na hango matar mai burtsatse a layin famfo da jarka biyu, ga tsohon ciki. Matar da ruwa ke ƙofar ɗakinta. Ta gaishe ni har da rusunawa, ta ce ko ta kama mini layi. Na rasa inda zan sa idona.

Ki gaya mini iyakar ɓarnar da na yi miki. Kada ki sassauta don ni uwa ce.

Mahaifiyarki

*

Mama,

Ina gaisuwa. Na gode da kika faɗa.

Awon wata biyar ɗin ya tashi a banza. Sandar ta lanƙwashe, sai an kafa wata an soma daga farko, don haka sai baɗi zan kare. Na gaya wa Farfesa gaskiya. Ya ce bai taɓa ganin an auna nauyin bargo daga sararin samaniya ba, ya kuma tambaye ni dalilin da ban kewaye sandar da waya ba. Nan laifina ne. Haka kuma gaya miki sakamakon da bai nuna ba.

Game da rijiyar, ban ce tana nutsar da ƙasa ba, ban ce ba ta yi ba. Ba mu sani ba, shi ke nan. Ba a rufe wa mutum rijiya a kan ba mu sani ba.

Na yi kuka, amma na daina.

'Yarki,
Auta

*

Auta,

Assalamu alaikum. Shekara guda ta rayuwarki na ci, ba ni da abin mayar miki. Ki yafe mini.

Na sa an sake kiran taron. Yayarki ta ce in je gidan mai burtsatse a ɓoye ya wadatar. Na ce a gaban mutane na zarge shi, a gabansu zan janye. Na tafi da igiyar a hannu, na ajiye a kan tebur, na faɗi komai, har da buhun gawayi. Telan layinmu ya ƙyalƙyale da dariya, matarsa ta zungure shi. Na dubi mai burtsatse na ce:

"Malam, na ɗora maka abin da hannuna ya aikata. Ka yafe mini."

Bai ɗago kai ba. Ya ce, "Mama, ruwan ai zai dawo. Maganar tsoron Allah ce ta tsaya mini a nan." Ya dafa ƙirjinsa. Daga baya ya ce ya yafe, amma har yau a gajarce yake gaishe ni, kuma ban ga laifinsa ba. An cire kwaɗon.

Jiya na tara duk mutanen gidan, har jikoki, na kafa doka, ke ma ki riƙe. Daga yau babu zargin da zai fita ƙofar gidan nan sai ya kwana uku a ciki, an tambayi kowa abin da hannunsa ya taɓa. Kuma da ni za a fara.

Allah ya yi miki albarka.
Mahaifiyarki