Inna, Baba Ya Shiga Ruwa

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fatan Allah Ya sa kina cikin ni'imarSa. Ni ne autanki Nasiru. Na san saƙo ba ya kaiwa inda kike, amma labarin da ke bakina ya fi ƙarfin in riƙe shi ni kaɗai, kuma ke ya kamata ki fara ji. Masu karantawa a waya ku yi min haƙuri, da uwata nake magana.

Inna, Baba ya shiga ruwa. Baba dai da kika sani, mijinki, a tafkin bayan garinmu Durba, har iya ƙirji.

Bari in faro miki daga inda kika bar mu. Tun da aka share makokinki Baba ya shimfiɗa tabarma a zaure ya ƙi tashi. Gwiwoyinsa suka sandare. Tuwo loma biyu yake yi ya ture kwano. Bana ko leƙen gona bai yi ba, ni da Yaya Sule muka yi shuka muka yi noma. A asibiti an ba shi magani, an ce ya riƙa motsa ƙafafun, in da hali cikin ruwa mai ɗumi. Ya ce ya ji, ya koma ya kwanta. Ba zan ɓoye miki ba, tsoro ya kama ni, don na ga kamar shirin bin ki yake yi.

Da na ji maganar ruwa sai da na yi dariya duk da damuwar. Ke da kika tashi a bakin ruwa a Unguwar Gai, ke kika koya mana iyo ɗaya bayan ɗaya in kin je wanki a gefen mata, tafin hannunki a ƙarƙashin cikinmu. Kin san halin tafkin nan kamar halin 'ya'yanki. Da sanyi, in yana hayaƙi da safe, sai ki ce, "Kada ya yaudare ku, shiga da daɗi, fitowar ce wuya." Da bazara ki ce sama ruwan mai jego ne, ƙasa kuwa ruwan randa, kada wanda ya yi nutso da gumi a jiki, jijiya za ta riƙe masa ƙafa. Da damina in ya yi ja ya cika, ko yatsa ba kya bari mu sa.

Shi kuwa Baba, shekara da shekaru kina yi masa tayi, bai taɓa cewa tsoro yake ji ba. Uzuri ne da shi na kowane lokaci, a jere tsaf. Da sanyi ya ce mura. Da bazara ya ce ai duk taɓo ne, ga shanu sun dama shi. Da damina ya ce ke da bakinki kika hana. In kaka ta yi, ruwa ya kwanta ya yi garau, ya yi ɗumin nan da kika fi so wajen la'asar, sai ya ɗauki lauje yana faɗa: "Mutane na girbi, ni ina wasan kwaɗi?" Ke kuma ki rufe baki da gefen mayafi kina dariya.

To kaka ta yi, sai ga Baffa Buba, taubashin nan nasa da ba sa haɗuwa ba su yi tsiya ba. Ya bar shanunsa wajen ruwa ya shigo gaida shi. Na gaya masa abin da aka ce a asibiti. Ya ce yau ɗin nan ruwan kamar an sirka, a tashi a tafi. Baba yana kwance, bai ma yi tunani ba, bakinsa ya saba: wai kaka ce, aiki ya yi masa yawa.

Inna, Baffa ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ya ce wane aiki, girbin tabarma? Ya rantse ranar kasuwa sai ya tsaya a tsakiyar Kibiya ya faɗa wa kowa cewa ga dattijo da furfura, 'yan maruƙa sun fi shi zuciya. Baba ya tashi zaune yana huci. Rabon da in ga ransa ya ɓaci tun kina nan, kuma wallahi ban taɓa jin daɗin fushin mutum kamar na ranar ba.

A babur na kai shi, sanye da gajeren wandon Yaya Sule da ya yi masa yawa. Ya riƙe min dantse har farcensa ya bar shaida. Idon sawu, gwiwa, ƙugu, kowane taku da salati. Baffa yana daga gaba yana tafa masa. Da ruwan ya kai ƙirji sai ya tsaya. Ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya lanƙwasa gwiwar da ta hana shi ruku'u, ya miƙe ta, ya sake lanƙwasawa. Sai ya dube ni da gaskensa ya ce, "Kai, uwar nan taku ba ta kyauta min ba. Me ya hana ta gaya min haka yake?"

Na yi dariya, na yi kuka, a tsaye cikin ruwa. Na yi kewarki a lokacin fiye da ranar da muka kai ki.

Ba zan yi miki ƙarya in ce ya iya iyo ba. Fantsama yake yi kamar ana wa akuya wanka. Amma kusan kullum da la'asar sai mun je, kuma yanzu har ƙarin tuwo yake nema, yana cewa miyar matata ba gishiri.

Sanyi ya fara shigowa. Shekaranjiya ya fito haƙoransa na haɗuwa, na ce shi ke nan, mu dakata sai ruwa ya sake ɗumi. Ba da son raina na faɗa ba, don na san abin da zama ya yi masa. Jiya da hantsi na neme shi a gida na rasa, ashe ya dogara sanda ya tafi wajen tela da ƙafarsa. Ya ba da ɗinkin gajeren wando nasa na kansa, har biyu. Telan ya tambaye shi yaushe yake so, ya ce ba sauri, na bazara ne, kuma a sake masa ƙugu don kafin lokacin zai yi ƙiba.

Allah Ya jiƙan ki, Inna, Ya haskaka kabarinki, Ya shayar da ke ruwan Alkausara. Shi kuma Allah Ya ara mana shi, Ya kai mu bazarar da rai da lafiya. Ki ƙara haƙuri, bai shirya tahowa yanzu ba.

Naki har kullum,
Autanki, Nasiru