Kafaɗar Dama

Yaya Gado,

Sallama da gaisuwa. Ina Hajiya da su Rakiya? Ni lafiya, sai kafaɗar nan.

Ka hana a yi mini aiki, ka ce in je wurin mai ɗori. Na je, ya ja hannun, ya ƙona wurin da ƙarfe. Yanzu likitan Gadarif ya ce jijiya ce ta tsinke ranar da buhun dawa ya fizge ni a gonakin Simsim. Ya ce ko a tsaga a ɗinke nan, ko a huda a yi aikin a Khartum.

Na san ƙauna ce. Amma wallahi wata huɗu ina cin asida, tuwon nan ƙasar, da hagu a gaban mutane!

Talata za a tsaga. Ba izini nake nema ba, Yaya, addu'a kawai.

Ƙaninka,
Sale