Na Zana Gwaggo Ba Ɗankwali

Hajiya Lailatu, don Allah ki taimake ni kafin in kakkarya fensiraina.

Ni matashi ne a Ƙofar Guga, ina gyaran rediyo a Babbar Kasuwa. A aji huɗu na bar boko, sauran karatun a jaridun naɗe ƙosai na ƙarasa shi, zane ma ba wanda ya koya min. Tun da soja za su koma bariki aka cika gari da fastocin 'yan takara, ni kuwa na samu takarda kyauta. In ɓalle, in juya bayanta, in zana fuskar mutumin kirki.

Gwaggo Bashira, yayar mahaifina, ita ta riƙe ni tun ina shekara shida. Baba bai bar hoto ko ɗaya ba, yanzu fuskarsa ta fara ɓace min. Na rantse haka ba za ta faru da Gwaggo ba, ita kuma ba ta tsaya wa mai hoto. Wata safiya tana tankaɗe, ɗankwalinta ya zame, furfura a waje, tana dariya, sai na zana ta. Wallahi ban taɓa yin zane kamarsa ba, har wushiryarta ta fito.

Murna ta ɗebe ni na kai shi majalisarmu ta bakin shago, ya zaga hannun maza wajen goma. Cikinsu Haruna uban surutu ya kai wa uwarsa labari, uwarsa ta kawo shi gidanmu. Yau kwana goma sha biyu Gwaggo ba ta amsa gaisuwata, tuwona a bakin ƙofa nake tsintarsa. Ta ce tun da ta yi aure namijin waje bai ga gashinta ba, sai da ta raini ɗa ya kai kanta kasuwa. Bakina ya riga ni, na ce ai takarda ce kawai. To Haruna zan mara, ko zanen zan yaga?

Mai Fensir, Katsina

Ɗana Mai Fensir,

Ka ƙyale Haruna. Shi baki ya kai, kai ka kai zanen. Niyyarka mai kyau ce, maraicin da ya sa ka ɗauki fensir ya taɓa zuciyata. Amma da takarda ce kawai, da ba ka yi murna haka ba. Gwaggonka ce a jiki, kamar yadda 'yan gida kaɗai ke ganinta.

Kada ka yaga. Ka naɗe shi, ka durƙusa ka miƙa mata, ka ce nata ne, ko ta ajiye ko ta sa a murhu. Ka nemi gafara ba tare da “amma” ba. In ta huce, ka gaya mata zancen fuskar ƙaninta da ke ɓace maka, don na tabbata ba ka taɓa faɗa mata ba. Ita tana tuna fuskar nan sarai. Ka roƙe ta ta siffanta maka shi, kai kana zanawa.

Wadda ta yi fushi ba ta fasa tuƙa maka tuwo ba, jiranka take. Allah Ya jiƙan mahaifinka, Ya sanyaya maka harshe.

Hajiya Lailatu